Yayana ya ce ciwon da ya ci Baba a jininmu yake, ya ƙi yarda a yi masa aiki

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 27, mu shida ne a wajen mahaifinmu. Shekara huɗu ke nan da Allah Ya yi wa Babanmu rasuwa bayan doguwar jinya. Abin ya fara masa ne da wani baƙin tabo a dunduniya, ya koma gyambo, aka shafe fiye da shekara ana maganin gida. Kafin a kai shi asibiti kaluluwa ta riga ta fito masa a matsematsi, likitoci suka ce ciwon daji ne kuma ya bazu. To yanzu ga babban yayanmu, mai shekara 41, shi ma baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, kullum ƙara faɗi yake. Da kyar ya yarda aka yanki ɗan naman wurin aka auna, sakamako ya nuna melanoma ce. Likita ya ce a yi aiki a cire, Yaya ya ce sam ba mai taɓa shi: ciwon a jininmu yake, abin da ya ci Baba shi zai ci shi, kuma daji ba ya son ƙarfe. Ni kuma na gani a intanet wai wanda ya gaji ciwon ya fi saurin rasuwa. Da gaske ne? Mu ma sauran za mu kamu ke nan? Ga shi an sa mini rana, na rasa ko in faɗa wa wanda zan aura. Don Allah a ba ni shawara.

'Yar'uwarku daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Shi kuma Yaya, Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Tambaya uku kika yi, amma akwai wata magana da ba ta jira, don haka da ita zan fara. Yaya yana bukatar aikin nan, kuma cikin makonni kaɗan ya kamata a yi shi. Ko ciwon gado ne ko ba gado ba ne, shawarar likitansa ba za ta sauya ba.

Melanoma ciwon daji ne da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Yana fara yaɗuwa ne a saman fata, yana faɗi kamar yadda kika ga tabon Yaya yana yi, daga baya sai ya fara nitsawa ciki. Idan ya nitsa ya kai ga hanyoyin jini da na ruwan jiki, daga nan yake tafiya kaluluwar matsematsi, sannan hanta, huhu, ƙwaƙwalwa. Tun 1970 wani likitan gwajin nama a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna cewa zurfin da ciwon ya yi a cikin fata, idan aka auna shi da milimita, shi ne babban abin da ke nuna yadda majinyaci zai kasance. Har yau da sunansa ake kiran awon. Ki nemi takardar sakamakon Yaya, za ki iya ganin kalmar Breslow da lamba a gefenta. A ƙididdigar da likitocin duniya ke amfani da ita, wanda aka cire masa ciwon tun bai kai milimita 1 ba, kuma samansa bai fashe ya zama miki ba, kusan 99 cikin 100 ciwon bai kashe su ba bayan shekara 5. Wanda nasa ya wuce milimita 4 har ya fashe, amma bai kai kaluluwa ba, adadin ya sauko zuwa wajen 82. Idan ya bazu zuwa sassan jiki na nesa, alƙaluman Amurka, inda ake da duk wani magani, ba su wuce kusan 35 cikin 100 ba. Mafi yawan waɗanda aka ƙirga Turawa ne, kuma irin wanda ke fitowa a tafin ƙafa ya ɗan fi tsanani, amma tsarin ɗaya ne. Tsakanin milimita 1 da milimita 4 kuwa ba komai ba ne illa watannin da ake zaune ana jira.

Ki duba labarin Baba da wannan idon. Ya je asibiti ne bayan gyambo ya shekara, bayan kaluluwa ta fito. Yaya kuwa, bisa abin da kika faɗa, tabo ne har yanzu. Ba wuri ɗaya suke tsaye ba, sai fa idan Yaya ya zauna har ya isa inda Baba ya isa.

Maganar daji ba ya son ƙarfe kuwa, na san inda ta samo asali, kuma ba na raina masu faɗinta, domin da idonsu suka ga an yi wa ɗan'uwansu aiki ya rasu bayan wata uku. Abin da ba su gani ba shi ne ciwon ya riga ya shiga hanta tun kafin a ɗauki wuƙa. A wajenmu sai abu ya gagari kowa ake zuwa asibiti, sai aikin ya zo daf da ajali, a ɗora masa laifi. Akwai dai ƙarfen da ya kamata Yaya ya guje wa: askar wanzami, reza, tsaga, ƙaho, da duk wani magani mai cin nama da ake ɗaurawa a kan tabon. Waɗannan suna cinye saman ciwon su bar tushensa, su kuma ɓata wa likita awon zurfin. Aikin asibiti dabam ne. Ana yanke tabon tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi, santimita 1 zuwa 2 gwargwadon zurfinsa, idan wurin ya yi faɗi a ɗebo fata daga wani sashen jiki a rufe. Ana kuma duba kaluluwar matsematsi, da hannu da na'urar hoto, wani lokaci a ciro ta farko a auna. Yawanci ba a kai ga yanke ƙafa idan an zo da wuri, kuma ina zaton wannan ne tsoron da Yaya bai furta ba. Magidanci mai shekara 41 da iyali a wuyansa, tunaninsa na farko shi ne yadda zai taka ya fita nema. A bar likita ya faɗa masa da bakinsa iya abin da za a cire da tsawon lokacin da zai yi kafin ya taka.

Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, irin wannan ciwon ne ya same shi a 1977, a ƙarƙashin farcen babban ɗan yatsan ƙafarsa. Da farko an ɗauka raunin ƙwallo ne. Likitoci suka ba shi shawarar a cire yatsan, bai amince ba. Ciwon ya bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, ya mutu a watan Mayun 1981 yana da shekara 36, duk da kuɗi da sunan da yake da su.

Yanzu batun gado. Abin da kika karanta akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an haɗa miki abu biyu wuri ɗaya. Gadon da ke sa mutum ya fi wasu saurin kamuwa dabam, abin da ke yanke yadda zai kasance bayan ya kamu dabam.

Kusan mutum 1 cikin 10 na masu melanoma ne ke da wani ɗan'uwa da ya taɓa yin ta. A 1994 masana suka gano cewa a wasu daga cikin irin waɗannan gidaje akwai tangarɗa a wata ƙwayar gado da ake kira CDKN2A, wadda aikinta shi ne taka wa ƙwayoyin jiki birki kada su yi ta hayayyafa ba tsari. Ana samun wannan tangarɗar a kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na gidajen da ciwon ya yi wa yawa, sauran kuma ko dai wasu ƙwayoyin ne da ba su kai ta yawa ba, irin su CDK4 da BAP1 da POT1, ko kuma ba a samu komai ba. Ko a cikin masu ɗauke da ita, ba kowa ke kamuwa ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa zuwa shekara 80, kashi 58 cikin 100 na masu ɗauke da ita a Turai ne suka kamu, a Amurka 76, a Ostareliya 91. Ƙwayar gado iri ɗaya ce, amma inda rana ta fi dukan farar fata nan ta fi yin ɓarna.

To shin wanda ya gaje ta ya fi saurin rasuwa? A 2016 masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun ba da rahoton cewa masu tangarɗar CDKN2A sun fi sauran majinyata rasuwa da ciwon. Ina kyautata zaton wannan ne, ko wani abu da aka tsakuro daga gare shi, kika ci karo da shi. Sai dai bayan haka an bi sawun majinyata a Italiya, aka kuma yi a Holan, duka biyun ba su ga wani bambanci ba tsakanin masu ɗauke da ita da marasa ita. Su masanan Suwidin ɗin ma sun dawo daga baya da wani sakamakon: masu wannan tangarɗa da ciwonsu ya bazu sun karɓi sababbin magungunan tayar da garkuwar jiki da kyau. Akwai kuma wata ƙwayar, MC1R, wadda ke sa wasu Turawa jan gashi da fatar da rana ke saurin ƙonawa. Tana ƙara haɗarin kamuwa, amma wani bincike da masanan Leeds a Ingila suka jagoranta a 2012 ya samu cewa majinyatan da ke da sauye-sauyenta sun ɗan fi wasu tsawon rai. Haka nan a 2018 wasu masana a New York suka nuna cewa irin ƙwayoyin garkuwar jikin da mutum ya gada, waɗanda ake kira HLA, na iya shafar yadda magani zai yi masa aiki, sai dai ba duk binciken da suka biyo baya ne suka tabbatar da hakan ba.

Na jero miki waɗannan ne don ki ga girman abin da idonki. Gado yana iya ɗan karkata sikeli nan ko can, kuma masana na ci gaba da aunawa, amma a tsarin da likitoci ke bi wajen sanin matakin ciwon babu gurbin gado ko ɗaya. Abin da suke dubawa shi ne zurfi, da fashewa, da kaluluwa, da bazuwa. Babu likitan da zai ce wa majinyaci kada a yi maka aiki domin mahaifinka ya yi irin ciwon. Hasali ma gidan da aka san da ciwon su ne ya kamata su fi kowa tsira, domin sun san kamanninsa.

Kuma ki lura, duk binciken nan a kan Turawa aka yi su, kuma a kan melanomar da ke da alaƙa da rana. Wadda ta fi samun baƙar fata ita ce ta tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta ko gani. Alaƙarta da waɗancan ƙwayoyin gado ba ta kai ta waccan ƙarfi ba. A 2016 likitoci a Japan sun zana taswirar inda take fitowa a tafin ƙafa, suka ga ta fi yawa a dunduniya da gaban tafin, inda nauyin jiki ke sauka, ba ta cika fitowa a kwarmin tsakiya ba. Sannan idan kika ji likita ya ambaci BRAF ko KIT, kada hankalinki ya tashi. Waɗannan sauye-sauye ne da ke faruwa a cikin naman ciwon kansa, ba a gadonsu kuma ba a gadar da su, ana auna su ne don zaɓen magani.

Akwai wani abu a wasiƙarki da nake so ki bincika. Kin ce an faɗa muku ciwon Baba daji ne, ba ki ce melanoma ba. Baƙin tabo a dunduniya da kaluluwa a matsematsi sun yi kama da ita ƙwarai, amma tsohon gyambo ma yakan rikiɗe ya zama wani nau'in dajin fata dabam, kuma wannan sananne ne a asibitocinmu. Idan an yanki naman Baba an auna, sakamakon na nan a fayil ɗinsa. Ku nemi katinsa na asibiti ku kai wa likitan Yaya. Idan ta tabbata uba da ɗa duk melanoma ce, a wurin da ciwon ba shi da yawa irin namu, mutum biyu a gida ɗaya sun isa dalilin a zauna da likita a bi tarihin dangi. Ki tambayi Mama da ƙannen Baba: akwai wanda ya taɓa yin irin wannan tabon? Akwai wanda ya rasu da dajin fankiriyas, wato sashen nan da ke bayan tumbi mai samar da sinadarin insulin, wanda yakan zo da ramewa da ciwon shawara? Tangarɗar CDKN2A tana ƙara haɗarin wannan ma, shi ya sa ake hana masu ita shan taba da kakkausar murya. Gwajin ƙwayar gadon kansa yana da tsada, sau da yawa sai an aika da jini waje, kuma idan za a yi da Yaya ake farawa, ba da ku masu lafiya ba, ba kuma da yara ba. Ni dai ba zan ba ku shawarar ku taɓa kuɗin aiki don yin sa ba.

Ku sauran fa? Wanda iyayensa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi melanoma, haɗarinsa yakan ninka kusan sau biyu. Amma ki duba abin da ake ninkawa. A Amurka, cikin Turawa kusan mutum 1 cikin 33 ne zai yi ta a rayuwarsa, cikin baƙaƙen fata kuwa 1 cikin 1,000. Matsalarmu ba yawan kamuwa ba ce. A can Amurkan ma, fiye da 9 cikin 10 na Turawan da suka kamu suna raye bayan shekara 5, baƙaƙe kuwa wajen 7 cikin 10, kuma babban dalili shi ne makara wajen ganowa. Wa ke duba tafin ƙafarsa?

Ku kuwa daga yau za ku riƙa dubawa. Sau ɗaya a wata, bayan alwala, a wuri mai haske, ki ɗaga ƙafa ki duba tafin, da dunduniya, da tsakanin yatsu, da farata, sannan tafin hannu. Abin da ake nema shi ne tabon da ke sauyawa: yana faɗi, gefensa ba daidai ba, launinsa ya gauraya, ko ya wuce faɗin ƙwayar wake, ko yana jini, ko miki ne da ya ƙi warkewa bayan wata guda ana magani. Tawadar Allah da kika tashi da ita tun yarinta kuma ba ta sauya ba, ki bar ta. Baƙin layi a farce ma ya zama ruwan dare a baƙar fata, musamman idan a farata da yawa ne. Wanda ake tsoro shi ne layi a farce ɗaya tak, galibi babban yatsa, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya tsallako kan fatar gindin farcen. Ke da ke shirin biki, ki duba ƙafarki da kyau kafin a zauna ƙunshi, domin lalle yana rufe tafin ƙafa da farce na makonni. Idan kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki nemi likitan fata. Kina Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na kusa da ke, kuma akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Idan ma aka duba Yaya aka tarar abin ya wuce fata, ba a rufe littafi ba. Kafin 2011 wanda melanomarsa ta bazu yawanci bai cika shekara ba. Daga wannan shekarar aka fara samun magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi ciwon da kanta, aikin da ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda mutanenmu suka sani da yaƙi da kurkunu, mahaifinsa da ƙaninsa da ƙannensa mata biyu duk dajin fankiriyas ne ya yi ajalinsu. A 2015, yana da shekara 90, aka gano melanoma a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa aiki, aka gasa wuraren da na'ura, aka ba shi irin wannan magani, ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100. Idan akwai wanda zai ce daji a jininsu yake ya naɗe hannu, ai shi ne. Amma ba zan ɓoye miki ba, magungunan nan tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu, kuma ba su cika yi wa melanomar tafin ƙafa aiki kamar yadda suke yi wa ta Turawa ba. Wannan ne ya sa nake ta nanata aikin. A halin da muke ciki, shi ne magani mafi ƙarfi kuma mafi araha da Yaya zai samu, kuma yanzu ne yake da amfani.

Yadda za a shawo kansa kuwa, kada ki tunkare shi da alƙaluma ke kaɗai, ke ƙanwa ce, zai iya jin kamar kina koya masa. Mutumin da ya yi jinyar mahaifinsa ya ga yadda ƙarshen ya kasance, tsoro ne ke magana da bakinsa ko da ya kira shi tawakkali. Ki fara da Mama da matarsa, ki karanta musu abin da na rubuta. A samu wanda yake jin nauyinsa, baffa ko malaminsa, ya tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta, kuma ya yi umarni da neman magani. Kada a ce masa ya bar addu'a ko rubutun da yake sha, ya ci gaba da abinsa, a dai bar shafa komai a kan tabon. Sannan kada a nemi ya amince da aiki a zaune a gida. A roƙe shi abu ɗaya kawai, ya koma wajen likita tare da mutum biyu, ya yi tambayoyinsa: nawa ne zurfin, an ji kaluluwa ko ba a ji ba, me za a cire, yaushe zai taka. Ku 'yan'uwa kuma ku fara haɗa kuɗin tun yanzu ba tare da kun jira shi ba, domin wani lokaci ƙin yarda kunyar a ce ba shi da hali ce.

Saura maganar aurenki. Wannan ba kamar sikila ba ce, inda ake haɗa jinin mace da na namiji a ga ko sun dace, don haka babu wani gwajin kafin aure da ya shafe ta. Ko da a ce an tabbatar akwai tangarɗar a gidanku, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba, kuma wanda bai gada ba ba zai ba 'ya'yansa ba. A yanzu kuwa ba a tabbatar da komai ba. Ke lafiyarki ƙalau, babu wani aibi da kike ɓoyewa. Duk da haka ina ganin ki faɗa masa, da izinin Yaya tunda ciwon nasa ne: mahaifinmu ya rasu da dajin ƙafa saboda an makara, yayanmu an gano nasa za a yi masa aiki, mu kuma an ce mu riƙa duba jikinmu. Gara ya ji daga bakinki yadda abin yake, da ya tsinta a bakin 'yan unguwa an ƙara masa gishiri. Idan danginsa suka tayar da maganar gado, ki ce ya zo ku je wajen likitan Yaya tare ya yi tambayarsa a can.